Fitilar Goshi: A Fara Tambayar Batir Kafin Haske da Nauyi

Duk wanda ya tsaya gaban teburin mai kayan wuta a kasuwar Sabon Gari ta Kano ko a babbar kasuwar Maraɗi ya ɗauki kwalin fitilar goshi, lamba biyu ne za su fara shiga idonsa. Ta farko ita ce ta ƙarfin haske, wadda ake bugawa da manyan baƙaƙe, lumen ɗari biyar ko dubu ko abin da ya fi haka. Ta biyu ita ce ta nauyi, domin masu ƙera waɗannan fitilu sun daɗe suna gasar wanda tasa za ta fi zama shafal a goshi. Bayanin batir kuwa yana can bayan kwali, cikin rubutun da sai an ƙanƙance ido, in ma an rubuta shi ke nan. A ganina an jera abin ne a baibai. Ga mutumin da ke zaune inda wuta ba ta da alƙawari, tambayar farko ita ce: wane irin batir ne a ciki, ana iya cire shi a sa wani, kuma ana samun irinsa a garin da yake zaune? Girman fitila da nauyinta da tsawon lokacin da za ta yi tana ci, duk daga wannan amsa suke fitowa. Wanda ya sayi fitila saboda rashin nauyi kawai bai tsere wa nauyin ba, ya dai mayar da shi aljihunsa ne, ko kuma zai biya shi da duhu a tsakar dare.

Yana da kyau a san don wa aka ƙera ƙaramar fitilar goshi tun asali. Kamfanin Petzl na Faransa, wanda tushensa masu kutsawa cikin kogon dutse ne a yankin Girenobul, shi ya fito da Tikka a farkon shekarun 2000, 'yar fitila mai ƙwayoyin LED uku da ƙananan batura uku na AAA, duka a dunƙule a goshi. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne farin LED, wanda ya samo asali daga shuɗin LED da masana uku haifaffun Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka samar, aikin da ya jawo musu kyautar Nobel a 2014. Kafin nan ƙwan tocila yana cin wuta kusan ninki goma na LED kafin ya ba da haske iri ɗaya, don haka dole a ɗaura wa mutum ƙaton batir a ƙeya. Daga lokacin, masu hawan duwatsu da masu gudun motsa jiki da dare da masu tafiyar ƙasa da jaka a baya su ne suka riƙa jan akalar kasuwar a Turai da Amurka, kuma su mutane ne masu ƙidaya giram ɗaya-ɗaya. Don su aka yi irin su Bindi ta wannan kamfani, mai nauyin giram 35 kacal, wadda batirinta ke rufe a ciki, kuma take yin kimanin awa biyu in an kunna ta a kan cikakken haskenta. Fitila ce mai kyau ga aikin da aka yi ta dominsa: mutum ya fita gudu bayan magariba, ya dawo gida ya jona ta a soket ɗin da bai taɓa tunanin zai wayi gari babu wuta a cikinsa ba.

Mai sayen fitilar goshi a nan wani mutum ne daban. Mai gadi ne, ko ɗan sintirin unguwa da zai kwana a tsaye, ko manomin rani da ke ban-ruwa da dare a Kadawa, ko bakaniken da ke kwance ƙarƙashin babbar mota a gefen titi, ko ungozoma a ƙaramin asibitin ƙauye, ko mai haƙar zinare a cikin rami. Bankin Duniya ya kiyasta cewa sama da mutum miliyan 80 a Najeriya ba su da wutar lantarki kwata-kwata, kuma a Nijar masu ita ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar ba. Masu ita ɗin ma sun san halinta. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna. A watan Agusta na 2023 kuma, bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar, Najeriya ta yanke wutar da take ba ta, wadda a lokacin ita ce kaso mafi yawa na abin da ƙasar ke amfani da shi, aka yi watanni ana fama. Ma'aunin da ya dace da mai gudun awa ɗaya a Faransa ba zai dace da mutumin da darensa ke da awa goma sha ɗaya, kuma bai san ranar da zai sake samun caji ba.

Sai a duba lissafi, domin a nan ne gardamar take yankewa. Lambar mAh da aka saba gani a jikin batir ita kaɗai ba ta isa a kwatanta batir biyu ba, sai an ninka ta da ƙarfin bolt, daga nan ake fitar da awon da ake kira wat-awa. Kamar awon hatsi ne: kwano goma ba ya gaya maka komai sai ka san girman kwanon. Batirin AAA na alkalin yana da nauyin kusan giram 11 da rabi, guda uku ke nan sun kusa giram 35, kuma duk abin da suka ƙunsa bai wuce wat-awa 4 zuwa 5 ba, hakan ma sai an ja su a hankali. Batirin litiyam da ake kira 18650, wanda sunansa awonsa ne, kauri milimita 18 da tsawo milimita 65, nauyinsa tsakanin giram 45 ne da 50. Nagarinsa mai 3,500 mAh a kan bolt 3.6 yana ɗauke da wat-awa 12 da ɗoriya. Wato da ƙarin giram goma sha kaɗan a kai, mutum ya sami kusan ninki uku na wuta. In an so a kamo shi da AAA sai an tara guda tara, nauyinsu ya haura giram 100, kuma in sun ƙare sun ƙare ke nan. Ƙananan baturan da ake rufewa a cikin fitilu marasa nauyi kuwa galibi wat-awa 2 zuwa 4 ne. LED na zamani yana ba da lumen 100 da abin da bai kai wat ɗaya ba, kuma lumen 100 ya ishi mutum tafiya da yawancin aikin hannu. Saboda haka 18650 guda ɗaya zai kai mai gadi daga magariba har asuba, yayin da 'yar fitila mai giram 35 za ta bar shi tun kafin sha biyun dare, sai dai in ya rage ta zuwa hasken da bai fi na kyandir ba.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba game da tsarin AAA uku, wanda shi ya fi cika kasuwa. Batirin AA guda ɗaya, mai nauyin giram 23, yana ɗaukar kusan ninki biyu da rabi na abin da AAA ke ɗauka, wato ya kusa kamo ukun nan da kashi biyu cikin uku na nauyinsu. To me ya sa masu ƙera fitila suka fi son ukun? Saboda farin LED yana buƙatar kusan bolt 3 kafin ya kama. Batura uku a jere suna ba da bolt 4.5, sai a jona su kusan kai tsaye ba tare da wani kashe kuɗi ba. AA guda ɗaya bolt 1.5 ne, dole a sa masa 'yar na'urar da za ta ɗaga ƙarfin, ita kuwa kuɗi ce. Tsarin AAA uku sauƙin maƙeri ne, mai saye shi ke biyan kuɗinsa daga baya. A irin wannan fitila da ba ta da na'urar daidaita wuta, haske yana fara dusashewa tun daga mintunan farko, yana ta raguwa a hankali yadda ido ba zai lura ba, har sai mutum ya ga ba ya iya bambance igiya da maciji. Kuma kwalin bai yi ƙarya ba in ya ce awa 40, domin ƙa'idar awon da kamfanoni ke bi, FL1, wadda aka fitar a Amurka a 2009, tana ci gaba da ƙidaya lokaci har sai hasken ya sauka zuwa kashi 10 cikin 100 na yadda ya fara. Fitilar da ta fara da lumen 200 tana nan a cikin lissafi ko da lumen 25 take bayarwa.

Ita ma lambar lumen ɗin, a ko da kamfani mai gaskiya ne, ana auna ta ne cikin minti biyun farko bayan kunnawa. Lumen 1,000 yana cin abin da ya kusa wat 10, kuma kaso mai yawa na wannan wuta zafi yake komawa. Ƙaramar fitilar roba ba ta da jikin da zai fitar da zafin, don haka bayan 'yan mintoci sai ta rage kanta, in ba haka ba ta ƙona kanta. Ido kuma ba sikeli ba ne: kafin mutum ya ga haske ya ninka sau biyu, sai an ninka lumen kusan sau huɗu, haka ma in ana so haske ya kai nisa ninki biyu. Ana zubar da wuta mai yawa domin ƙarin da ido ba ya gani sosai. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Wani zai ce ai AAA ko'ina akwai shi, ko a teburin mai shayi. Gaskiya ne, amma wane iri? Abin da ya fi yawa a shagunanmu batirin tutiya da gawayi ne, irin su Tiger Head da kowa ya tashi ya gani a cikin rediyo. Wannan batir ba shi da laifi a wurin da ya dace da shi, wato agogon bango da rimot da rediyo, masu shan wuta kaɗan-kaɗan. A fitilar LED mai ƙarfi kuwa abin da yake bayarwa bai fi rabin na alkalin ba, sau da yawa ma bai kai ba, alhali awannin da ke jikin kwali da alkalin aka auna su. Ƙari a kan haka, gwangwanin tutiyar da ke riƙe da ruwan batirin shi ne kuma abin da ake cinyewa yayin da yake aiki, shi ya sa yake yoyo in ya tsufa, ya ci ƙarafan cikin fitila su yi tsatsa. A ɗaya gefen kuma akwai fitilun caji masu ƙaton kai da suka cika kasuwa saboda araha, waɗanda da yawansu batirin dalma ne a ciki, ƙanin na babur. Dalma tana ɗaukar wat-awa 30 zuwa 40 a kowane kilo, litiyam ɗin 18650 kuwa kusan 250. Nauyi ke nan ba tare da lada ba. Mafi muni, batirin dalma yana mutuwa in aka bar shi kwanaki babu caji a cikinsa, kuma wannan shi ne ainihin abin da ke faruwa duk lokacin da aka ɗauke wuta na mako guda. An ƙera shi ne ya lalace a daidai ranar da aka fi buƙatarsa.

Duk da haka, babbar matsalata da fitilar da batirinta ke rufe ta wuce ta ƙarami ko babba. Ƙwayar LED tana iya yin awanni dubu goma-goma kafin ta gaji, batirin litiyam kuwa bayan caji 300 zuwa 500 ya fara sanyi sosai. Zafi yana gaggauta tsufansa, musamman in an ajiye shi cike taf, kuma duk wanda ya san watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san ɗakin kwano ba wurin hutawar batir ba ne. Batir shi ne abin da zai fara mutuwa a kowace fitila, ba makawa. In a rufe yake, ranar da ya mutu ranar ake jefar da LED lafiyayye da madubi da maɗauri, a sake sayen sabuwa. Sannan ga matsalar kowane dare: fitilar da ta mutu da ƙarfe biyu sai ta sauka daga goshi ta yi awanni a jone, in ma akwai inda za a jona ta. Mai batirin da ake cirewa ya raba lokacin caji da lokacin aiki. Ɗaya yana wurin mai cajin waya ko a jikin faifan sola da rana, ɗaya yana goshi, in ya ƙare a musanya cikin daƙiƙa talatin. Ko Tarayyar Turai, inda wuta ba ta cika yankewa ba, ta gane wannan ta fuskar shara: dokar baturanta ta 2023 ta tanadi cewa daga watan Fabrairu na 2027 yawancin ƙananan na'urori dole su zo da batirin da mai su zai iya cirewa ya sauya da kansa, in ban da wasu 'yan keɓantattu. In masu wuta sun ga haka ya dace, mu da ke zaune da janareta da sola mun fi su dalili.

Hujjar farko da za a kawo mini ita ce nauyi a kai ba wasa ba ne, kuma na yarda. Fitila mai 18650 da maɗaurinta tana kaiwa giram 120 zuwa 150, ninki uku ko huɗu na marasa nauyin. Wanda ya ɗaura ta ya yi gudu zai ji tana rawa, wanda ya sunkuya awanni yana aiki zai ji ta a wuya, kuma in an matse maɗauri don kada ta zame sai ciwon kai ya biyo. Amma yawancin wannan wahala daga wurin da nauyin ya zauna take zuwa. Giram 80 da ya turo gaba kamar ƙaho ya fi giram 130 da ya kwanta lif a goshi damun mutum. Fitilun da aka kwantar da batirinsu a gicciye, aka ƙara musu igiya ta tsakiyar kai, ba sa buƙatar matsewa. Wasu kuma sun mayar da batirin ƙeya don ya yi wa na gaba kishiya. Masu haƙar kwal sun warware wannan tun da daɗewa: fitilar hula ta Edison, wadda hukumar ma'adinai ta Amurka ta amince da ita a 1915, ƙwan ne kawai a kai, batirin yana ƙugu da waya a tsakaninsu. Hular kwanon magina ma ta ninka wannan nauyi fiye da sau biyu, kuma ana wuni da ita. Inda nake tsayawa shi ne 21700, babban wan 18650 mai kusan giram 70 da 5,000 mAh. Wannan a ganina ya wuce abin da goshi zai ɗauka dare guda, haka ma fitilun nan masu kai uku da batura biyu da ake tallatawa da lambobin da ba su da kan gado. Hujjata ba ta ce babba ya fi ƙarami ba. Nas ɗin da ke neman jijiya ko ɗinkin rauni lumen 30 zuwa 50 ya ishe ta, kuma 'yar fitila mai AA guda ɗaya ita ce daidai da ita.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: litiyam ɗin da ba a rufe ba yana da haɗari, kuma kasuwarsa cike take da jabu. Wannan ma gaskiya ne. Duk gwangwanin 18650 ɓangaren wuta ne, 'yar ledar da aka naɗe shi da ita ce kawai kariya. In ta yage, ko aka jefa shi aljihu tare da makulli da tsabar kuɗi, yana iya haɗuwa ya yi zafin da zai ƙona cinya ko ya kama da wuta. Ba a cajinsa a rana, ba a cajinsa in ya haura digiri 45, ba a barinsa a ƙarƙashin matashi. Batun jabu kuwa, abin mamaki, a nan ne batirin da ake cirewa ya fi sauƙin tonawa. Manyan masu yin sa, irin su Panasonic da Samsung da LG, mafi girman nasu 3,500 mAh ne ko ɗan sama da haka, don haka duk wanda aka rubuta wa 6,000 ko 9,900 ya riga ya yi wa kansa shaida. Sikeli kuma ya ƙarasa aikin, domin da yawa daga jabun ba sa kai giram 35, ko da yake akwai masu wayon da ke cusa wani abu a ciki don ƙara nauyi. Wasu kuma tsofaffi ne da aka fasa daga batirin kwamfutar cinya aka sake musu riga. To amma a tuna, masu sa jabu a fili su ne kuma masu sa shi a ɓoye. Fitilar da ke rufe tana iya ɗauke da irin wannan batir ɗin, bambancin kawai ba ka da hanyar ganinsa. Akwai 18650 masu 'yar na'urar kariya a kai, waɗanda ke yanke wuta in an yi kuskure. Sun ɗan fi tsawo, don haka a gwada a ga sun shiga. Mafi dacewa ita ce fitilar da ke da wurin jona caji a jikinta kuma murfinta na kwancewa, yadda mai ita ba sai ya riƙa fito da batir kullum ba, amma ranar da ya gaji zai iya sauya shi. Masu cewa rufaffiya ta fi hana ruwa da ƙurar hunturu shiga su dubi murfi mai zare da zoben roba, wanda da shi ake yin fitilun da ke jure nutsewa a ruwa. Na yarda dai cewa gidan da yara ke ɗaukar komai su kai baki, ko tsohon da idonsa ba ya bambance kan batir da gindinsa, AA ya fi musu. Fitilun da ke aiki da batir mai kama da kwabo, irin CR2032, su ma a nisanta su da yara, domin in yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona maƙoshi cikin awa biyu.

Sai kuma wanda babu caji ko kusa da shi, makiyayi a daji, masunci a tsibiran Tafkin Chadi, mai neman zinare a Jado can cikin hamadar Nijar. Ga shi ma amsar ba ta sauya ba, batirin da ake cirewa ne, sai dai girman AA, wanda ake iya ɗaurewa a leda a tafi da shi. Kyawun AA shi ne rami ɗaya yana karɓar iri-iri: na tutiya in ya zama dole, alkalin in an samu, da kuma na caji irin Eneloop, wanda Sanyo ta fitar a 2005 kuma yanzu yake hannun Panasonic, mai riƙe cajinsa watanni a ajiye, mai jure caji ɗaruruwa, wanda kuma ba ya kamawa da wuta irin ta litiyam. Wasu fitilun suna karɓar har da 14500, litiyam mai girman AA, amma shi bolt 3.7 ne, kuma sa shi a fitilar da ba a yi don shi ba ƙona ta ne nan take. Petzl da wasu kamfanoni sun yi fitilu masu cin tuwo biyu, batirin caji nasu na kansu ko AAA uku. Dabara ce mai kyau, sai dai batirin nasu siffarsa ta su ce su kaɗai, in ya mutu ba a Gusau za a same shi ba. Akwai darasi a aikin Dakta Laura Stachel, likitar haihuwa Ba'amurkiya da ta zo wani asibitin gwamnati a Zariya a 2008 ta ga ana karɓar haihuwa cikin duhu. Akwatin solar da ita da mijinta Hal Aronson suka ƙirƙiro daga baya, ƙarƙashin ƙungiyar We Care Solar, ya haɗa da fitilun goshi tare da hanyar caji a wuri ɗaya. Sun gane cewa ba wa ungozoma fitila ba tare da tunanin abin da za ta ci gobe ba rabin aiki ne.

Hujja ta ƙarshe ita ce kuɗi, kuma ba na son in yi wa talaka wa'azin sayen nagari mayar da kuɗi gida, domin ya san karin maganar, abin da ke hannunsa yau ne ya yanke masa hukunci. Amma lissafin ya cancanci a faɗe shi. Mai gadin da ke kunna lumen 100 na awa shida kowane dare yana cin kusan wat-awa 5, wato saitin AAA uku na alkalin a dare guda. A shekara ya haura batir dubu ɗaya, kuma kowanne zai ƙare a juji ko a hannun yara suna fasawa. 18650 guda ɗaya zai yi masa dare biyu a caji ɗaya, caji kusan 180 ke nan a shekara, ya yi shekara biyu kafin ya nemi canji. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne mai gadin ba ya sayen batir dubu, yana kashe fitilar ne ya zauna a duhu don tattali, ko ya koma tocilar waya, ya cinye cajin da zai kira agaji da shi, hannu ɗaya kuma a ɗaure. Manomin da ke taka ciyawa da dare a ƙasar kububuwa, irin yankin da ke cika asibitin saran maciji na Kaltungo, shi ma tattalin nan yake yi. Shi ya sa nauyin sayen fitila ta gari ya kamata ya hau kan wanda ya sa aikin: kwamitin unguwa da ke biyan 'yan sintiri, mai kamfani, hukumar lafiya ta ƙaramar hukuma. Su suna da ikon biya sau ɗaya, kuma su ke cin ribar idon da ke gani.

'Yan kasuwa ma suna da rabonsu. Wanda ke sayar da fitila mai 18650 ya kamata ya ajiye nagartattun batura daban, da 'yan akwatunan robar da ake ajiye su, ya kuma ajiye ƙaramin sikeli a kan tebur. Cinikin batirin canji ciniki ne mai dawowa. Hukumar SON, wadda aikinta ne kula da ingancin kayan da ke shigowa Najeriya, tana iya farawa da abu mai sauƙi: ta wajabta a rubuta nau'in batir da wat-awa ɗinsa a gaban kwali, ta kuma hana shigowar duk 18650 da aka buga wa lambar da kimiyya ba ta kai ba tukuna, tun da gano shi ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Kafin a kai ga haka, mai saye ya roƙi mai shago ya kwance murfin a gabansa. In ya kwance, ya fito da batirin, ya karanta lambar da ke jikinsa, ya duba ledar ko ta yage, ya ɗora shi a sikeli, sannan ya tambayi kuɗin na biyu. In murfin ba ya kwancewa, sai ya tambayi awa nawa take yi a matsakaicin haske, ya gwada amsar da tsawon daren da zai yi.